Fitilun Ƙarshen Lambu

Mai Wuta ake ce masa, kuma ya daɗe da daina faɗa a kan sunan. Da ƙuruciya yakan tsaya ya gyara wa mutum, ya ce shi mai gyaran wuta ne, ba mai wuta ba, amma ina, suna ya riga ya bi shi. Matarsa ma in ya ƙure ta cewa take yi, "Ni dai na ga ta kaina. Kowa na neman tsari da wuta, ni an kawo ni gidanta an ajiye." Shi kuma sai ya ce ta gode wa Allah, tata wutar tana kawo cefane.

Yanzu gemu ya yi fari fat, baya ya ɗan ranƙwafa, in zai tashi daga zaune sai ya dafa wani abu ya yi nishi tukuna. Babu irin aikin da bai yi ba a sana'ar nan. Ya hau falwaya da rana tsaka, ya yi rarrafe cikin silin gidajen mutane, ga zafi ga kashin ɓera, filaya a baki. Wuta ta ja shi ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Ta ƙarshen ce ta wurgo shi daga kan tsani, a wani gida da matar gidan ta mayar da makunni don za ta yi guga, ta manta da mutum a sama. Ya yi jinya ya tashi, amma gwiwar hagu ba ta yafe masa ba har yau. Tun daga ranar ya kafa wa kansa doka: shi zai kashe wuta da hannunsa, shi zai kunna da hannunsa, kuma ba ya matsawa kusa da waya in da wuta a cikinta. Ko kai wane ne, in ka kai hannu kan makunninsa, ranar za ka ji bakin tsoho.

Da tsani ya gagare shi sai ya sauko ƙasa, ya koma aikin fitilun lambu, 'yan gajerun nan da masu hali ke jerawa a gefen hanya tsakanin shuke-shuke. Aikin ba shi da haɗari. Ana kafa ƙaramin akwatin taransifoma a jikin bango, ya karɓi wutar gida ya rage mata ƙarfi ta koma sha biyu kamar ta batirin mota, ko yaro ya tono wayar ya kama ba abin da zai same shi. Sai dai ƙaramar wutar nan raguwa ce a tafiya. In layi ya yi tsawo, waya kuma siririya ce, fitilun farko su sha su ƙoshi, na ƙarshe su tashi da ɗan abin da ya rage, su yi ja-ja kamar garwashi. "Wuta ma gajiya take yi," haka yake gaya wa masu gida in suna mitar kauri da tsadar wayar da ya ce a sayo. Kuma ko da yake wutar ba ta kisa, bai sassauta dokarsa ba ko kaɗan. Jiki ya riga ya saba.

Yana da mita a jaka, amma rabon da ya ciro ta an kwana biyu. Cewa yake mitocin yanzu don yara aka yi su, lambobin ƙanana kamar ƙwan kwarkwata. Awonsa ido ne. In ya gama aiki sai ya jira magariba, ya tsaya a gindin akwatin, ya kunna, ya bi jerin fitilun da kallo daga ta farko har ta ƙarshe. In ya ga wadda ta dushe, ya kashe, ya taka ya je ya duba. Haka yake yi, kuma haka sunansa ya fita: aikin Mai Wuta, ta ƙarshe kamar ta farko.

Abin da ke cin ransa a 'yan watannin nan babban ɗansa ne. Yaron ya buɗe shagon kayan lantarki a bakin titi, Allah ya sa wa abin albarka, shi ne ya taso shi gaba da magana ɗaya: Baba ka huta, Baba ka zo shago ka zauna, in mai saye ya zo ka ba shi shawara. Uwar ma ta bi bayan ɗanta. Shi kuwa in ya ji kalmar shago sai ya ji kamar ana auna masa likkafani. Ya ga sa'o'insa da suka zauna, ya ga yadda suka koma, mutum yana gyangyaɗi da hantsi ƙuda na bin bakinsa. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, ko da yake ba zai faɗa ba. Hujja ɗaya ta rage masa in gardama ta yi zafi, ita ce ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Ya kuma san ranar da aka dawo masa da ɗaya, bakinsa ya mutu ke nan.

Ana cikin haka aka kira shi wani gida mai dogon lambu. Filin siriri ne, amma tsawonsa ya isa mutum ya gaji kafin ya kai ƙarshe. Daga baranda hanyar dutse ta miƙe, ta ratsa ciyawa, ta bi gefen kwamin furanni, ta wuce ƙarƙashin bishiyar lemo, ta tsaya a wani ɗaki mai 'yan matakala a can ƙurya. Mahaifiyar matar gidan ce a ɗakin. Tsohuwar ta ce ba za ta zauna cikin babban gida ba, ƙarar talabijin ɗin jikoki na hana ta sakat, sai dai kullum da yamma takan tako ta ci abinci da su ta koma. Wata rana ta zame a matakalar cikin duhu, Allah ya tsare ba ta karye ba.

"Baba, ni ba ado nake nema ba," in ji matar gidan ranar da ya je duba wurin. "Na can ƙarshen su ne damuwata. Ina son ta riƙa ganin inda take sa ƙafa."

"Hajiya, kin kawo kuka gidan da ya dace," ya ce. "Ta ƙarshe za ta yi kamar ta farko, in Allah ya yarda."

Akwai gadina a gidan, dattijo ne shi ma, siriri mai baƙin surutu, wanda yake ji da furanninsa fiye da yadda wasu ke ji da 'ya'yansu. Tun ranar farko suka fara tsokanar juna. Gadina ya ce bai taɓa ganin mai wuta da ke tsoron wutar batiri ba. Mai Wuta ya ce shi ma bai taɓa ganin ƙato na yi wa fure magana ba sai yau. Duk da haka Gadina ne ya nuna masa inda bututun ban ruwa ya bi, ya kuma taya shi da diga a wurin da ƙasa ta yi tauri.

Aikin durƙuso ne daga farko har ƙarshe. Ka tona siririn rami a gefen hanya, ka zura waya cikin bututu don kada fartanya ta sare ta wata rana, ka feƙe bakin waya, ka murɗe, ka naɗe haɗin da kyau don ƙasar lambu kullum a jiƙe take. Ka soka ƙafar fitila, ka daidaita kanta, ka ja gwiwa zuwa ta gaba. Ya shimfiɗa tsohon buhu yana durƙusawa a kai, amma buhu me zai yi wa gwiwar da ta riga ta yi fushi? Kafin la'asar sai ya ji kamar an zuba masa tsakuwa a ciki. Haka ya lallaɓa har ya kai matakalar tsohuwa, ya sa fitila ɗaya a kowane gefe.

Da magariba ta yi ya tsaya a gindin akwatin, matar gidan da Gadina a bayansa. Ya kunna. Fitilun suka kama a jere, matar gidan ta tafa hannu ta ce kai, masha Allah. Shi kuwa ya bi jerin da kallo. Na gabansa sun yi tar, na tsakiya da dama-dama, amma daga bishiyar lemo zuwa ɗakin tsohuwa sun yi dishi-dishi, kowace da wani hazo kewaye da ita.

"Ba su yi ba," ya ce.

"Wai me? Ai sun yi kyau, Baba."

"Na ƙarshen sun gaji. Wayar ta yi musu kaɗan."

Gadina ya miƙa wuya ya ƙura ido. "Ni dai ban ga bambanci ba."

"Ina za ka gani? Kai da fure ka sani."

Ya kashe. A ransa ya ce matar kawaici take yi masa saboda furfura, Gadina kuma ko an kunna masa ashana cewa zai yi rana ta fito. Ya san irin wannan: yau a ce ya yi kyau, nan da wata guda tsohuwa ta sake zamewa a ce aikin Mai Wuta ne.

Washegari bai je shagon ɗansa ba. Ya zagaya can wata unguwa ya sayo waya mai kauri daga aljihunsa, ya ɗaure nannauyan naɗin a bayan babur. Ya buɗe ramin da ya rufe jiya, ya zare siririyar, ya kwance haɗin nan ɗaya bayan ɗaya, ya sake. Waya mai kauri taurin kai gare ta, ba ta lanƙwasuwa cikin daɗin rai, bututun ma da ƙyar ya karɓe ta, sai da tafin hannunsa ya yi kanta. Magariba ta yi, ya kunna. Kamar bai yi komai ba. Na ƙarshen suna nan yadda ya bar su, suna kallonsa a dushe.

To sai ya ce a raba musu hanya. Zai ja sabon layi kai tsaye daga akwati zuwa bishiyar lemo, ya ciyar da rabin ƙarshen daga nan, don kada na gaba su riƙa shanye musu rabo. Dabara ce mai kyau, ya sha yin ta ta yi aiki. Matsalar ita ce gefen hanya ya cika, sabon ramin dole ya ratsa ta cikin kwamin furanni. Nan fa aka yi ta. Gadina ya tsaya a gaban kwamin da fartanya a hannu, jijiyar wuya a tashe.

"Wallahi ba ka isa ba! Ka san wahalar da na sha kafin su kama? Fitila lafiyarta lau, kai kana ta tone-tone kamar gafiya!"

"Ni ne gafiya?"

"To me ye sunan mai tona ramin da ba a sa shi ba?"

Sai da matar gidan ta fito ta raba. Ta dubi Mai Wuta, ta dubi kwamin, ta yi ajiyar zuciya ta ce a bar shi ya yi, shi ya san aikinsa. Gadina ya ciccire furannin da hannunsa, yana sa su a bokiti da ƙasarsu, bai sake ce masa ko sannu ba. Wannan shirun ya fi zagin yi masa ciwo. Ya tona, ya ja layin, ya haɗa. Da yamma ya kunna, kuma ba sai an faɗa ba, ba abin da ya canja.

A ranar, da ƙyar ya kai gida. Ya zauna a kan tabarma ya miƙe ƙafa, matarsa ta naɗe masa wando tana shafa man zafi a gwiwar da ta kumbura kamar ƙwarya. Ba ta yi tsiya ba, abin da ya nuna masa lallai ya ba ta tausayi. Suna haka babban ɗan ya yi sallama ya shigo, ya durƙusa ya gaishe su, ya zauna yana wasa da mukullin mota.

"Baba, an ce min an gan ka kana sayen waya a wani shago."

"An hana ne?"

"Ba a hana ba. Amma ga ta jibge a wurina. Me ya faru da aikin?"

"Ba abin da ya faru. Layi ne mai tsawo."

"In zo gobe da mita mu duba tare?"

"Kai za ka duba min aiki? Ni na koya maka riƙon filaya, ko ka manta?"

Yaron ya sunkuyar da kai. Uwar ta ce, "Malam, ai ba da wata manufa ya faɗa ba." Ya san ba da wata manufa ba ne, shi ya sa abin ya ƙara ba shi haushi. Ya janye ƙafarsa ya ce barci yake ji. Bai yi barcin kirki ba, yana kwance yana bin wayar nan a ransa haɗi bayan haɗi, yana neman inda wutar ke zurarewa.

Abu ɗaya ya rage, wanda shi da kansa yake hana masu koyo. Akwatin yana da wani baki mai ƙarfi fiye da sha biyu, an yi shi don layin da ya wuce misali. Ya san in ya mayar da wayar can, na kusa za su sha fiye da cikinsu. Ya tsaya da sukundireba a hannu yana ta saƙe-saƙe, sannan ya ce a ransa ɗan ƙari ne, za su jure. Ya mayar. Da ya kunna, na bakin baranda suka yi wani fari ƙal har suna kashe ido, na ƙarshen kuma ya ga kamar sun ɗan farfaɗo. Kamar dai. Ya ce wa matar gidan a bar su a kunne a gani, ya tafi da zuciya ba daɗi.

Ba a rufa kwana uku ba ta kira shi a waya.

"Baba, na bakin baranda sun mutu. Ɗaya har ƙauri take yi."

Yana tsaye a tsakar gida lokacin, ya juya wa matarsa baya don kada ta ji. An dawo masa da aiki. Shekara da shekaru yana taƙama, ga shi an dawo masa da aiki, kuma da hannunsa ya ƙone su, yana sane. Da ya isa gidan matar ta tare shi a baranda, ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga ma da ya fi masa sauƙi.

"Baba, kada ka ji komai. Lambun ne ya zama kamar an yi yaƙi, mahaifiyata kuma tana tsallake ramuka. Maƙwabciyata ta ce akwai wani da ya yi mata nata, ko in kira shi ya taya ka?"

"Ki ba ni yau kawai, Hajiya," ya ce. Ya ji muryarsa ta fito kamar ta mai roƙo, kunya ta rufe shi.

Ya mayar da wayar bakinta na sha biyu, ya canja ƙwayayen da suka ƙone. Sannan ya kashe komai, ya ɗauki buhunsa ya fara daga fitilar farko. Tunda ba kaurin waya ba ne, ba rabon layi ba ne, to wani haɗi ne ya sha ruwa ko ya saki. Ya tone kowanne, ya kwance, ya shafa da yatsa, ya shinshina, ya sake naɗewa. Duk garau suke. Aikinsa ne, ya san shi, tsaf kamar kullum. Rana ta yi, ta karkata, Gadina na can nesa yana ban ruwa, ko kallon inda yake bai yi ba.

Duhu ya fara sauka yana kan ta ƙarshe, a gindin matakalar tsohuwa. Ya gama naɗe ta, ita ma ba ta da laifi. Ya yunƙura zai tashi ya koma wurin akwatin, gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Ya sake yunƙurawa, wani raɗaɗi ya harba masa har ƙugu, ya koma ya zauna daɓas a kan ƙasa. Ya dubi tsawon hanyar da zai taka, ya ji kamar ya kwanta a nan.

Ƙofa ta buɗe, tsohuwar ta fito da sandarta, lokacin tafiyarta cikin gida ya yi. Ta ga duhu, ta ga ramuka, ta ga mutum zaune a ƙasa.

"Sannu, bawan Allah. Yau ma ba wutar?" Ba ta jira amsa ba ta ɗaga murya, muryar kuwa ba ta tsufa ba. "Kai, Gadina! Kunna mana fitilun nan in wuce!"

"Kada ka taɓa!" Mai Wuta ya daka tsawa. "Kada ka kuskura!"

Ko ƙarar injin ruwa ce ta hana shi ji, ko kuwa ya ji ya yi biris, Allah kaɗai ya sani. Gadina ya ajiye tiyo, ya taka zuwa bango, ya danna makunnin.

Mai Wuta ya fizge hannunsa daga wayar kamar an sare shi. Ya buɗe baki, zagi ya riga ya zo kan harshe. Sai ya tsaya.

Fitilar da ke gabansa, ta ƙarshe, wadda ta hana shi barci, tana ci tar. Haskenta ya kwanta a kan matakalar har yana ganin tururuwa na bin tsagin siminti. Ta ɗaya gefen ma haka. Ya ɗaga kai a hankali ya dubi wajen babban gida. Na bishiyar lemo da dama-dama. Na bakin baranda kuwa, sababbin ƙwayayen da ya sa da safe, waɗanda ke manne da akwatin, su ne suka yi dishi-dishi, kowace da hazo kewaye da ita.

Ya daɗe yana kallo. Ba a taɓa yin wutar da ke ƙoshi a ƙarshen layi ta gaji a farkonsa ba, wannan ko mai koyon jiya ya sani. Tunda yake bai taɓa tsayawa a ƙarshen layi da wuta a kunne ba, kullum sai ya kashe yake takowa. Ya sa tafin hannu ya rufe idon dama, abin ya ɗan washe. Ya rufe na hagu, lambun gaba ɗaya ya koma kamar ana kallonsa ta cikin gilashin da aka shafa wa mai.

"Lafiya dai?" in ji tsohuwar.

"Hajiya, fitilun can na wajen gida, yaya kike ganinsu?"

"Kamar wannan mana. Tun ranar farko haka suke, duk ɗaya. Ni na rasa me kake tonawa, na ce dai ƙila sirrin sana'a ne." Ta ranƙwafo ta leƙa fuskarsa a hasken, ba kunya ba tsoro irin na tsofaffi. "Af! Ai yana ce a idonka. Ga ta nan fari-fari. Ni ma na yi, aka kankare min. Ba ka sani ba?"

Ya girgiza kai. Amma ƙarya ne a ce bai sani ba sam. Mitar da ya daina cirowa ta faɗo masa a rai, da fitilun motoci da ke tarwatse masa in yana komawa gida a kan babur, da wani gida kwanan baya da ya riƙe jar waya da mai ruwan ƙasa yana jujjuya su a bakin taga don ya bambance su. Waccan wutar gida ce, mai kisa. Ana kankarewa, ta ce. To, a kankare. Amma ya tona lambun mutane sau uku, ya ƙone musu fitilu, ya yi wa ɗansa tsawa, duk a kan aikin da ya gama lafiya tun ranar farko, kuma ba wanda ya isa ya gaya masa. Ido ana gyara shi. Wannan taurin kan ne bai san yadda za a yi da shi ba.

Gadina ya ƙaraso yana jan ƙafa, ya shirya karɓar zagi. Da ya ga ba zagin, sai ya rasa inda zai sa kansa.

"Ita ta ce in kunna," ya ce.

"Na ji. Kama ni in tashi."

Gadina ya sa hannu a hammatarsa ya ɗaga shi. Suka tsaya haka, tsoho riƙe da tsoho.

"Furannin nan," in ji Mai Wuta, "za su tashi kuwa?"

"Wasu za su tashi."

"Ka yafe ni. Gaskiyarka ce, ba bambanci."

Gadina ya kau da kai ya ce ai ba komai, ya bar ramukan shi zai rufe da safe, ya fi shi sanin yadda ƙasar take so. Tsohuwar ta riga ta yi gaba, tana ƙwanƙwasa sanda a kan dutse, tana tafiya abinta cikin haske. Suka bi ta a baya sannu a hankali, fitilun na washewa ɗaya bayan ɗaya in ya matso su.

A baranda ya ce wa matar gidan an gama, ba sai ta kira kowa ba, kada kuma a bari wani ya taɓa bakin akwatin. Ta yi godiya, ta ce a kawo masa shayi, ya ce a'a. Ya je inda ya jingine babur, ya ɗaure jakar aiki, ya sa mukulli. Titi ya cika da motocin masu komawa gida, fitilunsu sun haɗe sun zama wani farin hayaƙi. Ya zare mukullin. Ya ciro waya ya kira ɗansa.

"Ka rufe shago?"

"Yanzu nake rufewa, Baba. Lafiya?"

"Zo ka ɗauke ni."

"Babur ɗin ne ya lalace?"

"Babur lafiyarsa lau. Ka zo dai."

Yaron ya zo da 'yar motar kaya ta shago. Ya leƙa ta ƙofar gidan ya hango jerin fitilun har ƙurya, ya ce kai Baba, aikin nan ya yi kyau, ta ƙarshe kamar ta farko. Uban ya ce haka aka ce. Suka ɗora babur ɗin a baya, suka shiga, suka kama hanya. Suka wuce shatale-tale. Ɗan yana satar kallonsa, ya buɗe baki ya rufe, yana tsoron wata tsawar.

Mai Wuta na zaune, hannuwansa masu ƙasa a kan cinya, ya lumshe ido saboda hasken motoci. Bai taɓa jin gajiya irin ta yau ba.

"Gobe ka kai ni asibitin ido," ya ce.

"To, Baba."

Suka ɗan ƙara tafiya.

"Shagon naka kuma, ciki duhu gare shi. In za ka sa min kujera, ka sa ta a bakin ƙofa, inda zan riƙa gane fuskar mai shigowa."